Lihafin Auren Safiya

Tunda idona ya fara rauni na ce sai na rubuta wannan magana kafin ya rufe, domin na gaji da jin ta a karkace daga bakinku. Duk sallar da kuka taru a gidan nan, da an ci an ƙoshi an ɗora jabana, butar gahawa, a wuta, sai wani ya ɗauko zancen lihafin Safiya, bargon aurenta. Ku yi ta dariya har da riƙe ciki, jikoki suna tambaya ana ƙara musu gishiri, ni kuma ina zaune a kan angarib, gadon igiya, kamar ba da ni ake ba. In na buɗe baki sai Musa ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri Baba, wasa ne." To, ni ban ɗauke shi wasa ba. Babu ɗayanku da yake gidan a lokacin in ban da Safiya, ita ma rabin yini tana makarantar da take koyarwa. Don haka ku saurara ku ji daga bakin wanda ya riƙe almakashin.

A shekarar nan na fi shekara ashirin ina tuƙa tarakta a wata babbar gona a Gadambaliya. Da damina in tafi huɗa da shuka, in dawo gida in huta, in koma yankan riɗi, sannan girbin dawa. Innarku kuwa kun san hannunta. Ba tela ba ce, ba ta taɓa ɗinki don a biya ta ba, amma babu yarinyar da ta yi aure a danginta ko a nawa da ta tafi ɗakin miji ba tare da lihafin Hawwa ba, bargon nan mai auduga a ciki da ake ɗinkewa gida-gida da allura. Ta yi wa Maryam, ta yi wa Halima, ta yi wa 'ya'yan 'yan'uwa da ban san adadinsu ba. Safiya ce auta, an sa aurenta bayan girbin dawa, cikin sanyi. Innarku ta riga ta sayi auduga an shiɓe ta, buhu biyu a jingine a kusurwar ɗaki. Ita da Safiya sun je kasuwa sun zaɓi yadi, kore mai furanni ruwan zinariya, har an ɗinka labule da rigunan matashi da shi. Na lihafin ne kawai ta ce ba za ta saya ba sai kafinta ya kawo gado ta gani da idonta.

Ba ta gan shi tana tsaye da ƙafarta ba. Muna tsakiyar yankan riɗi aka kira ni a waya aka ce ta faɗi a gindin murhu tana toya kisra, wainar dawa. Kafin in samu motar da za ta kawo ni gida Gadarif har an kai ta asibiti. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, hannu da ƙafa, harshe kuma ya yi nauyi. Da muka dawo da ita gida kalma uku ce ta rage mata: "a'a", da "to", da "Allah". A cikin ukun nan kuma "a'a" ce ta fi saurin fita. A ba ta magani ta ce a'a, a ba ta shayi ta ce a'a tana miƙa hannu tana karɓa. Ku riƙe wannan da kyau, domin duk wanda bai zauna da ita a watannin nan ba ba zai gane wahalar da na sha ba.

Yayarta, Khalarku Rakiya, ta tattaro kayanta ta dawo gidanmu jinya. Allah ya saka mata da alheri, ta yi wanka ta yi wanki ta yi girki, ba zan ci haƙƙinta ba. Amma matar nan tun ranar da na auri ƙanwarta ba ta taɓa ganin na yi abu daidai ba, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. Ita ce ta fara lura cewa Innarku ba ta kallon komai a ɗakin sai buhunan audugar nan. Ta yini tana kallonsu, wani lokaci hawaye na bin gefen fuskarta. Rannan muna zaune da hantsi, Rakiya ta ce:

"Hawwa, ki cire lihafin nan a ranki. Gobe mijinki Adamu ya je kasuwa ya sayo bargo mai laushi, irin wanda amaren yanzu suke so, halas, shi ke nan."

"A'a."

"To a kai wa munajjid mai ɗinkin katifa ya ɗinka, ai aikinsa ke nan."

"A'a. A'a."

Wannan karon ba irin a'ar shayi ba ce, har da buga hannun hagu a kan katifa. Rakiya ta juyo ta dube ni kamar ni na hana, ta ce to wa zai yi, aljanu? Ni kuma ban san lokacin da bakina ya ce ni zan yi ba. Zan faɗi gaskiya tunda gaskiya na zauna rubutawa: rabi don Innarku na faɗa, rabi don in ga fuskar Rakiya. Innarku ta daɗe tana kallona, ta kalli hannuwana da baƙin mai ya zauna a farcensu, sannan ta ce, "Allah." A ranar na ɗauka addu'a ta yi mini. Yanzu da na tsufa ina da wata fassarar.

Cikin satin ne mai gonar ya kira ni ya ce dawa ta nuna, yana so na ran Asabar. Na ce masa matata ba ta iya juyawa a gado sai an juya ta, kuma akwai aikin da na ɗauka a gida. Ya yi mini jaje, ya yi addu'a, sannan ya ce girbi ba zai tsaya ba, in ban zo ba zai ba wani makullin, kuma wanda ya ba ba zai ƙwace daga hannunsa baɗi ba. Na ce ya ba shi. Ban gaya wa kowa a gidan abin da ya faɗa ba, na ce hutu na ɗauka. Ku da kuke cewa Baba ya bar tarakta don ƙafarsa ta gaji, ƙafata lafiyarta lau a lokacin.

Kafinta ya kawo gado da katifa aka ajiye a ɗakin baƙi. Na ɗauko igiya na auna, na kai igiyar kan mitar da nake da ita. Tsawo mita biyu, faɗi mita biyu ba kaɗan. Ni mutum ne da in na tsaya a bakin gona na dube ta zan gaya maka faddan, wato eka, nawa ce, da irin da za ta ci, da man da tarakta za ta sha kafin ta gama, kuma da wuya in kauce. Gado kuma mene ne? Biyu sau biyu huɗu. Duk da haka, don kada a ce ban yi shawara ba, na shiga wurin Innarku na tambaye ta mita nawa zan sayo. Ta ɗaga hannun hagu ta ware yatsu biyar. Ta dunƙule. Ta sake ɗaga uku.

"Biyar?" na ce.

"A'a."

"To uku?"

"A'a."

Ta sake yi, biyar, sannan uku, tana zaro mini ido. Na ce a raina baiwar Allah ciwo ya rikita mata lissafi, tana kai-komo tsakanin biyar da uku, ga shi kuwa nawa lissafin ya faɗo daidai a tsakiya. Har daɗi na ji. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, huɗu zan sayo. Ina fita tana ta a'a a'a a bayana, amma ai da safen nan ma ta ce wa shayi a'a.

Kantin da take sayen yadi yana cikin babbar kasuwa, a layin masu yadi, mai shi wani Abdurrahim ne da ya san ta shekara da shekaru. Ya tambayi jikinta, ya sauko da koren yadin da kansa ba sai na kwatanta ba. Na ce ya auna mini mita huɗu.

"Na lihafin amarya ne, ya Haj?"

"Shi ne."

"Huɗu? Ko dai na jariri za a fara yi?"

Akwai mutane a kantin, suka yi dariya. Da bai yi wannan ba'ar ba wataƙila da na tambaye shi. Amma yaron da na girme wa da shekara ashirin ya mai da ni abin dariya a gaban mata, sai na ce masa na auna gadon da hannuna, shi aikinsa ya yanka. Ya ɗaga kafaɗa ya ce kwayyis, to da kyau, ya yanka.

A gida na warware yadin a kan tabarma, nan na fara ganin faɗinsa bai ma kai mita ɗaya ba. Ni duk zatona in an ce mita, mita ce ta kowane gefe, kamar a gona. Na ga da matsala, amma Rakiya tana tsaye a kaina da tsintsiya a hannu, ba zan nuna ba. Na ninka shi biyu, na sa almakashi na raba shi tsakiya cif, mita biyu-biyu, don in haɗa su gefe da gefe. Kwana uku na yi ina wannan ɗinkin haɗi ɗaya. Allurar Innarku ɓacewa take a tsakanin yatsuna, zare ya ƙulle, in warware, ya tsinke, in sake zurawa da ƙyar. A rana ta huɗu na kai shi ɗakin baƙi na shimfiɗa a kan gado. Bai rufe katifar ba. Hagu ana ganin katifa, dama ana ganin katifa, in na ja shi sama ƙafa ta buɗe. Ban ji shigowar Rakiya ba sai muryarta.

"Masha Allah. To wa zai rufa a cikinsu, ango ko amarya? Ko kwana ɗai-ɗai za su riƙa yi?"

Ta cire shi daga gadon ta kai wa Innarku ta ɗaga mata shi sama da hannu biyu. Innarku ba ta ce a'a ba, ba ta ce to ba. Ta juya fuskarta bango. Wannan ya fi mini ciwo fiye da duk abin da Rakiya ta faɗa a shekara talatin.

Washegari na koma wurin Abdurrahim na haɗiye girmana. Tsakani da Allah bai yi dariya ba a wannan karon. Ya zaunar da ni a kan kujera, ya ɗauki alli ya zana mini gado a kan teburinsa. Ya ce yadin nan siriri ne, faɗin gadon mutum biyu sai an jera shi ƙya uku, wato falle uku, ba biyu ba. Kowace ƙya kuma sai ta fi gadon tsawo, domin lihafi ba a kan katifa yake tsayawa ba, sai ya zubo ta gefe da ta ƙafa, in ba haka ba mutum na juyawa sanyi ya shiga. Bakin ɗinki yana cin nasa. Audugar ma in ta shiga aka bi ta da allura sai yadin ya tattare ya ragu ta ko'ina. Sannan wannan duk fuska ɗaya ce, akwai ta ƙasa, wadda ake yi da dabalan, farin yadin nan, shi kuma sai an wanke shi kafin a yanka domin yana tsukewa a ruwa. Na ce to a taƙaice nawa ne.

"Takwas. Hajja kullum takwas take saye, sama takwas, ƙasa takwas."

Na kalli yatsuna. Biyar, da uku. Mace mai hannu ɗaya ta yaya za ta nuna takwas in ba haka ba? Na ce ya auno mini dabalan takwas, koren kuma ya ƙaro abin da zai cike. Sai ya sosa ƙeya ya ce koren ya ƙare. Kwana ɗaya bayan zuwana wani ɗan kasuwa daga garin Doka ya kwashe sauran ɗaurin gaba ɗaya, kuma ba ya jin za a sake kawo irinsa kafin bayan sanyi.

Na zaga layin masu yadi kanti-kanti da ƙyalle a hannu, babu. Da sassafe na hau bas zuwa Doka. Hanyar nan cike da manyan motoci masu ɗauke da buhunan dawa, kowace ta wuce sai na ga kamar daga gonarmu ta fito, sai in kau da kai. Na sami mutumin bayan azahar, ya ce ai yadin nan mata sun yi rububinsa, ko taƙi bai rage ba, amma ga wani ɗan'uwansa sak. A cikin duhun kantinsa wallahi sak ne. Na saya na juyo. Da na shimfiɗa shi a tsakar gida kusa da namu cikin hasken rana, ɗaya koren ganyen mangwaro, ɗaya koren ruwan kududdufi. Safiya ta dawo daga makaranta ta tarar da ni tsugune a kansu. Ta shige ɗaki, na ji tana jan hanci. Rakiya ta ce a zubar da duka a sayo wani launin mita takwas, labule ma a sake. Innarku ta ce a'a da ƙarfin da har maƙwabta suka ji. Yadin da ta zaɓa da 'yarta ranar ƙarshe da ta taka kasuwa da ƙafarta, shi take so, ba wani ba. Biki kuma saura sati uku da 'yan kwanaki.

Yanzu na zo wurin da kuke ɓatawa. Wata ranar Talata bayan la'asar, Rakiya ta tafi gaisuwar mutuwa a unguwar gaba, Safiya ba ta dawo ba. Daga ni sai Innarku a gidan. Ta nuna mini akwatinta da ke ƙarƙashin gado. Na jawo na buɗe, ina ɗaga kaya ɗaya-ɗaya tana cewa a'a, har na kai kan tob ɗin da Musa ya aiko mata daga Saudiyya, lulluɓin da za ta naɗa ranar bikin, ruwan zinariya, ko warware shi ba a taɓa yi ba. Ta ce to. Ta nuna koren yadin da na ɓata, na kawo mata. Ta ɗora tob ɗin a gefensa, ta bi da yatsa ta zagaye shi ta kusurwa huɗu. Launin ya hau da furannin kamar tare aka saƙa su. Na gane abin da take nufi: koren ya zauna a tsakiya, tob ɗin ya zama baki ya cike abin da ya gaza. Na ninke shi na mayar cikin akwati.

"Wannan na biki ne, Hawwa. Za ki tashi ki sa shi."

"A'a."

"Za ki tashi. Likita ya ce ana tashi."

Ba ta ma saurare ni ba. Ta miƙa hannu ta fizgo shi daga akwatin, ta jawo almakashi daga ƙarƙashin matashinta, wanda ban san lokacin da ta ɓoye shi a can ba. Ta danne gefe ɗaya da gwiwarta mai lafiya, ta kama ɗaya gefen da haƙori, ta sa almakashin dama a hannun hagu tana ta fama, yana tauna yadin yana zamewa. Ina tsaye ina cewa bari, bari, amma ban riƙe hannunta ba, wannan na yarda. Ta yi yanka kamar taƙi ɗaya, a karkace, gumi na zubo mata. Sannan ta tura mini almakashin ta kwanta tana haki. Abin da ya hana ni karɓa da farko ba tsadar tob ɗin ba ce. Gani nake in na yanka shi, na yarda ke nan ba za ta tashi ba. Amma yadi ya riga ya yanku, kuma ita ta yanka. Na ɗauka. Wannan karon kafin kowane yanka sai na auna da igiya na nuna mata, na ƙara taƙi don bakin ɗinki, na tsaya sai na ji "to" sau biyu.

Rakiya ta dawo ta tarar da tob ɗin ƙya huɗu a kan tabarma, ni kuma da almakashi a hannu. Ta saki salati ta dafe ƙirji.

"Adamu! Ka kashe yadi bai ishe ka ba, sai ka shiga akwatin mara lafiya? Ka gama yanke mata ƙauna ke nan? Ka riga ka binne ta tana numfashi?"

"Yaya, ita ta ba ni. Ita ta fara yankawa, ga wurin nan."

"Da wane hannun? Hawwa, ke kika ba shi?"

Innarku ta dubi yayarta, ta dube ni, ta buɗe baki ta ce, "A'a."

Har yau ban sani ba ko harshen ne ya kuɓuce mata, ko kuwa tsoron Yaya ne, domin tun suna yara take tsoronta. Abin da na sani kafin magariba Rakiya ta kira duk wanda yake da waya a dangi. Kai Musa ka kira ni daga Saudiyya ka yi mini maganar da ban taɓa zaton ɗana zai yi mini ba, ka manta, ni ban manta ba. Maryam ta aiko a tambaya ko Baba ma a kai shi asibiti a duba kansa. Safiya ta kwana biyu tana ajiye mini abinci ba ta haɗa ido da ni.

Ban bi kowa da bayani ba, lokaci babu. Na wanke dabalan na shanya, ya tsuke kamar yadda Abdurrahim ya ce. Tob ɗin shara-shara ne, sai da na yi masa shafi da fari ta ciki. Na sa aka fito da Innarku inuwar bishiyar tsakar gida, aka jingina ta da matashi a gefen tabarma. Na shimfiɗa farin, na baza auduga, na rufa fuskar a kai. Ta sa aka ba ta karan dawa mai tsawo. Inda auduga ta yi tudu ta buga wurin da karan, inda na yi ɗinki mai faɗi ta buga bayan hannuna, ba a hankali ba kuwa. Daga baya ta gaji da kallon yadda nake jan zare, ta matso, ni in soka allura daga ƙasa, ita ta zare ta da hagu daga sama. Haka muka yi gida-gida, tun daga tsakiya har baki, kwana goma sha shida. A cikin kwanakin nan ne kalmominta suka fara ƙaruwa, kuma duk na faɗa ne. "Ja." "Nan." "Ba nan ba." Rannan har ta ce "Kai!" da irin muryarta ta da, na ɗago na dube ta, ta sake buga mini kara.

Mun gama saura kwana huɗu biki. Ya rufe gadon, ya zubo taƙi guda ta kowane gefe. Ban ce ya yi kyau kamar na Maryam da na Halima ba. Kusurwoyinsa huɗu duk a karkace suke, uku nawa ne, ɗaya nata. Tarakta kuwa ban sake hawa ba. Da damina ta zo na je Gadambaliya na tarar da wani a kujerata, na zaga gonaki biyu aka ce an fi son masu ƙarfin ido, na dawo na kama gadin wani sito a kasuwar amfanin gona har ƙarfina ya ƙare. Khalarku Rakiya ta shekara biyu in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Innarku, Allah ya jiƙanta, ta ƙara shekara tara a duniya, bakinta ya dawo har ya fi na da, kuma ba sau ɗaya ba ba sau goma ba na roƙe ta ta gaya muku wanda ya fara sa almakashi. Sai ta rufe baki da gefen mayafi ta yi ta dariya har ta yi tari. Ta tafi ba ta wanke ni ba.

Saura abu ɗaya, wanda shi ne kuke kafa hujja da shi, kuma ba zan musa ba don a gaban mata fiye da goma aka yi. Ranar bikin da safe gida ya cika, ana ta ƙunshi da turaren wuta, na shiga ɗakin in ɗauki hulata. Innarku tana zaune a bakin gado. Sati biyu ke nan tana gwada tsayuwa ana riƙe ta, amma ba ta taɓa takawa ita kaɗai ba. Sai kawai ta dafa sanda ta miƙe. Kowa ya juyo yana kallonta. Ta ja ƙafa, taku ɗaya, biyu, uku, har gaban akwatin da aka ɗora a kan kujera. Ta buɗe da hagu, ta ɗaga wannan, ta ɗaga wancan, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta juyo ta dube ni a gaban kowa ta ce:

"To Malam, ni yanzu me zan sa?"

Rakiya ta tafa hannu ta juya ga matan. "Kun ji ko? Kun ji da kunnenku ko?"

Sun ji, ni ma na ji. Su sun ji shaida a kaina. Ni kuwa kalma bakwai na ji a jere, babu wadda ta faɗi a hanya, daga bakin matar da ta yi wata uku ba ta haɗa uku ba. Hular ta zame daga hannuna, ban sunkuya na ɗauka ba. Na ce mata:

"Sake faɗa."

Rakiya ta ce ku ji rashin kunya, ya yanka mata kaya kuma yana mata ba'a. Innarku ta gyara tsayuwa a kan sandarta, ta harare ni sama da ƙasa, ta sake faɗa da ƙarfi, har da ƙarin cewa ko kurma na zama.